Kada Ki Ci Don Kunyar Mai Masauki

Yalwawa, Dutse.
Ranar Talata.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Sani da duk mutanen gidanku na Takur. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, a zaune da kuma a kan hanya, amin.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, domin tsakanin Yalwawa da Takur ba tafiyar wasiƙa ba ce. Amma kin san al'adarmu, kin kuma san halina. Shekara ashirin da biyar ke nan ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama mun yi hirar kirki da ke ba. In kin zo gaishe ni sai ki durƙusa daga bakin ƙofa, ni kuma in amsa ina murɗa rediyo kamar akwai labarin da zai wuce ni. Kunyar ɗan fari aka ce, haka muka tarar, haka muka bi. To, abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada.

Innarki ta gaya mini Malam Sani ya samu hutun shekara, kuma ranar Asabar za ku tashi zuwa Kwatano, can ƙasar masu Faransanci, wai wani abokinsa ya gayyace ku ku yi sati biyu, ku zaga gari, ku ga teku. Ta faɗa tana murna. Ni kuwa ban yi murnar ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ba tsoron hanya ba, ba na ɓarayi ba, ba na teku ba. Tsoron farantin abinci nake ji, kuma kafin ki gama karanta wannan takarda za ki san dalili.

Sau ɗaya na taɓa zuwa garin nan, shekara biyu bayan an ba mu jiha, lokacin da aka dawo da ni daga Miga zuwa ma'aikatar gona a nan Dutse. Mota na je saya, irin ta hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Na tafi da ƙanena, Baffanki Habu, don shi ne ya san inji, shi zai tuƙo mu. Kin san tafiyar, ita ce wadda bai dawo daga gare ta ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara da ƙananan kurakuraina, masu ban dariya, ko zuciyata ta ɗan samu ƙarfin ɗaukar babban.

Washegarin saukarmu muka shiga wani ɗan shagon karin kumallo, ni da Habu. Na nemi kujera na zauna, na gyara hula, na tafa hannu, na ba da umarni da Turancin Ingilishi a kawo shayi da burodi. Ni a dole babban ma'aikaci. Matar da ke shagon ta kalle ni sama da ƙasa, ta ci gaba da sallamar waɗanda suka zo bayanmu. Har shayin wasu ya huce ba a kula mu ba. Habu yana ta danne dariya, yana cewa girman nawa an bar shi a kan iyaka tare da takardun kwastan. Sai daga baya mai masaukinmu, Alhaji Sa'idu, dillalin motoci haifaffen Zangon garin, wato unguwar Hausawa, ya gaya mini laifina: ban yi gaisuwa ba. Ni da nake faɗa da yara a kan shiga gida ba sallama, na shiga wurin mutane ba sallama.

Saboda haka duk ƙofar da kika shiga, ki fara da gaisuwarsu. Suna rubuta ta bonjour, amma a baki "bonjur" ce. Na koyi wannan ne bayan na dawo, a wurin Malam Isufu tela, mutumin Damagaram ɗin nan da ke ɗinki a bakin masallacinmu. Shekara guda ina zama a bencinsa bayan la'asar yana gyara mini baki, mutane suna zaton tsufa ne ya fara taɓa ni. Shi ya nuna mini cewa duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya yi rabin Faransanci bai sani ba. Harafin r nasu ba a kaɗa shi da harshe kamar namu, daga maƙogwaro yake fitowa, daidai inda kike fitar da gaini a cikin Fatiha. Harafin n kuma in ya zo bayan wasali ba a ƙarasa shi, ta hanci ake sakinsa, kamar gunnar da malaminku na Islamiyya ya yi ta dukan tabarma a kanta. Na gode shi ne merci, ki ce "mersi". Don Allah kuwa dogon rubutu gare shi, s'il vous plaît, amma "sil vu ple" kawai ake ji. Mutanen nan suna da almubazzarancin haruffa, su rubuta goma su karanta shida, na ƙarshe kusan kullum ado ne. Kada ki ji tsoron a yi miki dariya. Wanda ya yi gaisuwa da karyayyen harshe ya fi wanda ya yi shiru da lafiyayye.

Kuskurena na biyu a ranar ne da rana. Muka shiga gidan abinci, aka miƙo mana takardar jerin abin da suke dafawa. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Maimakon in ce ban gane ba, sai na ƙura mata ido ina gyaɗa kai, na ɗora yatsa a kan wani layi mai dogon suna. Ma'aikacin ya tambaye ni wani abu, na ce masa "wi", wato e, ita ce kaɗai kalmar da na sani. Da ya dawo sai ga dodon koɗi guda shida a faranti, an yi musu wanka da man shanu da tafarnuwa. Habu ya leƙa, ya ce, "Yaya, ashe abin da kake koya wa manoma su tsince daga fadama, nan kawo shi ake yi?" Ya yi dariya har da hawaye. Da yunwata na tashi.

Darasin nan ki riƙe shi da kyau: kada yatsanki ya zaɓa miki abin da bakinki bai tambaya ba. Nan Dutse, musamman tun da aka ƙaddamar da shari'a, mutum zai iya rufe ido ya ci abinci a ko'ina, ya sha abin da aka miƙo masa. Ke a cikin wannan kika saba. Can ba haka ba ne. Ba mugunta ce tasu ba, mutanen kirki ne masu son baƙo, abincinsu ne daban. Naman alade porc suke rubutawa, a ce "por". Akwai kuma jambon, wani jan nama da ake yankawa fale-fale a cusa cikin burodi, shi ma alade ne, kada kyansa ya ruɗe ki. Giyar inabi vin ce, a baki kamar "van" ta hanci, kuma a cikin kofi ba ta da maraba da zoɓo. Ni da kaina na kai ta har bakin hanci kafin warinta ya tsayar da ni. Wannan harafin v babu shi a Hausa, bakinki zai so ya mayar da shi b, sai ki ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ki hura. In ruwa kike so ki ce "da lo", kuma ki ga an buɗe kwalbar a gabanki. Kalmar da za ta fi yi miki aiki ita ce sans, ana cewa "san", ma'anarta ban da. San por, san van. In kuna da zaɓi, ku ci a Zango wurin masu salla, hankali ya fi kwanciya.

Duk wannan da na zayyana, ko kin manta rabinsa ba zan yi fushi ba. Wanda ya ci haram bisa rashin sani, Allah mai gafara ne. Abin da ke tafe shi ne wanda ba na so ki manta ko harafi ɗaya.

A kwana na huɗu muka gama cinikin mota. Alhaji Sa'idu ya ce ba za mu bar garinsa ba sai ya karrama mu. Bayan azahar ya ɗauke mu zuwa wani gidan abinci a bakin teku, mai fararen tebura da iska mai daɗi. Bai bari mun taɓa takardar ba, shi ya zaɓa mana, yana murmushi yana cewa yau za mu ci abin da ko gwamnanmu bai taɓa ci ba. Aka kawo shinkafa da miya ja, a samanta an jera jatan lande manya-manya, waɗannan lanƙwasassun halittun ruwa masu gashin baki, da in an dafa su suke yin ja. Su ne dai waɗanda matan Kudu ke sayar da busassun ƙananansu a kasuwa don miya.

Habu ba ya cin su, kuma na sani. Shekarun baya, yana koyon kanikanci a Kano, ya taɓa cin miyar da aka daka su a ciki, fuskarsa ta kumbura, ya kwana biyu yana numfashi da ƙyar. A gida muka ce borin jini ne, aka jiƙa masa magani, ya warware, muka manta. Shi bai manta ba. Da aka ajiye farantin sai ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda Alhaji ba zai ji ba.

Ya ce, "Yaya, abin nan ne fa. Ba zan iya ci ba."

Na dubi Alhaji Sa'idu, yana ta fara'a, yana tura mana farantai. Mutumin da ya sauke mu a ɗakinsa kwana huɗu, ya bar harkokinsa ya yi ta yawo da mu. A tarbiyyar da aka yi mana a Miga, baƙo ba ya tambayar abin da ke cikin ƙwaryar mai gida, ba ya ture ta. Na tuna yadda mahaifinmu ya taɓa zane ni don na ce miyar wani gida ta yi gishiri. Sai na taka ƙafar Habu a ƙarƙashin tebur.

Na ce, "Ka ture su gefe ka ci shinkafar. Kada ka kunyata mu."

Kalmomina ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Habu bai taɓa yi mini musu ba tun yana yaro. Ya yi bismilla, ya ture su gefe kamar yadda na ce, ya ci shinkafar da miyar. Ban san ruwansu ya riga ya gama shiga miyar ba. Ko loma goma bai yi ba ya fara sosa wuya. Ya sha ruwa, ya yi tari. Na ɗaga kai na ga leɓunansa sun yi suntum, idanunsa sun firfito, yana jan iska tana ƙara kamar ana busa ƙaramar sarewa. Ya kama hannun rigata.

Alhaji ya ruga waje neman direbansa, wanda ya riga ya aika wani wuri da motarsa. Aka bar ni a tsakiyar mutane, ƙanena a jikina, ba ni da harshe. Na yi ihu da Hausa, na yi da Ingilishi. Suka taru, kowa yana son ya taimaka, wani ya kawo ruwa, wani yana bubbuga masa baya don sun zaci ƙaya ce ta maƙale masa. Ban san yadda zan ce musu asibiti ba, ban san yadda zan ce abincin ne ba. Kafin a gane, kafin a tsayar da mota, kafin mu ratsa cunkoson garin, lokaci ya tafi. A cinyata ya cika, muna hango ƙofar asibitin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da likita ya yi bayani, Alhaji Sa'idu ya fassara mini, sannan ya tambaye ni ko dama Habu yana da wannan lalurar. Na ce e. Dattijon nan ya zauna a ƙasa, ya cire hula, ya yi kuka kamar yaro.

Ya ce, "Malam, don me ba ku faɗa mini ba? Kaza fa suna da ita. Magana ɗaya ce, a canja masa faranti."

Wannan tambayar ita nake kwana da ita, nake tashi da ita, shekara takwas. Mutumin da na kashe ƙanena don kada in ɓata masa rai, ashe da an faɗa masa ko a jikinsa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yi imani. Amma na san ƙafar wa ta taka ta Habu.

A maƙabartar Zango muka binne shi. Motar ban iya ko kallonta ba, na bar wa Alhaji ya sayar, na hau ta haya na dawo. Da na isa Miga na tarar da kakarki a zaune a bakin rumbu tana tsince wake. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa zazzaɓi ne mai zafi ya kama shi. Har ta koma ga Allah abin da ta sani ke nan. Innarki ma shi ta sani. Ke lokacin kina 'yar shekara goma sha bakwai, kika yi kwana uku ba ki ci abinci ba, don shi ne uban da kika sani a zahiri. Shi yake goya ki a kan babur, shi yake sayo miki alawa ranar kasuwa, shi yake tsayawa a tsakar gida ya ƙwala miki kira da sunanki, ni ina ɗaki ina yi kamar ban ji ba.

Kuskurena na ƙarshe ya fi kusa da ke. Kin tuna shekara uku da suka wuce, kina kwalejin horon malamai, aka dawo da ke gida fuska a kumbure, jiki duk ya yi rudu-rudu, bayan kin ci miyar wata ƙawarki 'yar Kudu? Kowa ya ce borin jini ne. Kika warke, har kina ba da labarin kina dariya. Ni da na leƙo na ga leɓunanki, sai na koma ɗaki na zauna. Fuskar Habu na gani. A ranar ya kamata in kira ki in gaya miki komai. Amma faɗa miki yana nufin in tona kaina, kuma yana nufin in zauna da 'yar fari ido da ido. Sai kawai na ce wa Innarki ta hana ki cin miyar waje. Kin ga kunya ta sake cin nasara a kaina. Na Habu ma na farkon da sauƙi ya zo, na biyun ne ya tafi da shi.

Yanzu ga ki za ki garin da ake saka abin nan a kusan kowace tukunya, wani a gan shi, wani a daka shi ya ɓace a cikin miya da yaji. Kuma na san ki. Na san wadda muka tarbiyyantar. Za ki zauna a gaban abokin mijinki da matarsa, kanki a sunkuye, a ajiye miki faranti, ki ji ƙamshin abin, ki ce a ranki bari in ɗan taɓa kada su ce matar Sani ta raina musu. Wannan tunanin shi ne yake hana ni barci.

To, ki saurara. Kafin Asabar ki je ki ga likita, ki gaya masa abin da ya faru da ke da wanda ya faru da Baffanki, duk abin da ya ba ki ki riƙe shi a jakar hannu, ba a cikin akwati ba. Ki ba Malam Sani wannan takarda ya karanta, na yafe, gara ya san surukinsa yadda yake. Ranar da kuka sauka, tun kafin a ɗora tukunya, ki gaya wa matar gidan da bakinki. Kada ki bar wa mijinki, maza muna mantuwa, muna kuma jin nauyin abokanmu. Kaguwa ma ki bar ta, an ce danginsu ɗaya. In kuma kun fita cin abinci a gari, ga maganar da na je wurin Malam Isufu don ita, wadda na yi ta maimaitawa shekara da shekaru ba ni da wanda zan gaya wa:

Je ne mange pas de crevettes. Ça peut me tuer.

Ki ce: "Ja na manj pa da krevet. Sa pa ma tuwe." Ma'anarta, ba na cin jatan lande, zai iya kashe ni. Ki faɗe ta a hankali, ki ɗaga kai, ki kalli ma'aikacin a ido har sai kin ga ya gane. Na kwafe miki ita da manyan baƙaƙe a wata 'yar takarda da ke cikin ambulan ɗin nan, in baki ya sarƙe ki miƙa masa ya kai wa mai dafuwa. A bayanta na rubuta l'hôpital, vite, wato asibiti, maza. Ana cewa "lopital, vit", harafin h ba ya fita. Allah ya sa har ki tsufa ba ki buƙaci bayan takardar nan ba.

In kuma duk da haka aka ajiye miki abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki ture. Ko wa ya saya, ko nawa ya kashe, ko wa ke kallo. In mijinki ya taka miki ƙafa a ƙarƙashin tebur, ki janye ƙafarki, ki ce umarnin mahaifinki ne. Mai masaukin kirki zai canja miki faranti. In ma ya ji haushi, haushi yana wucewa, ni zan je har Kwatano in ba shi haƙuri. A ce 'yata ba ta da kunya, na yarda, in dai za a faɗa tana raye.

Ban sani ba ko bayan kin karanta wannan za ki iya ci gaba da kallona kamar da. Na raba ki da Baffanki, na kuma ɓoye miki. In kin ga za ki iya, ki yafe mini. In ba za ki iya yanzu ba, ki je ki dawo tukuna, fushinki ma ina so, in dai a ƙofar ɗakina za ki zo ki yi shi. Kada ki nemi kabarinsa, ba shi da alama, ni kaina ba zan gane shi ba. In kun wuce ta Zango ki yi masa addu'a daga cikin mota, ta isa.

Na ce ki ajiye kunya, ba daidai ba ne in riƙe tawa. Tun da Habu ya tafi babu wanda ya ƙara kiran sunanki a tsakar gidan nan da irin muryarsa, ni kuwa da na zaɓa miki shi ban taɓa furta shi ba sai ranar da na raɗa miki a kunne. To, ga shi.

Rukayya. Ki ci abin da kika sani, ki bar abin da ba ki sani ba, ki dawo mini.

Allah ya kai ku lafiya, ya kare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na abin da ke cikin akushi. Allah ya jiƙan Habu, ya sa ya huta. Allah ya dawo mini da ke da ƙafafunki, Rukayya, in ji sallamarki a bakin ƙofa in kashe rediyon. Amin summa amin.

Wassalam.
Ni ne mahaifinki.